Da Aka Ƙi Allurar Korona, Laifin Wa Ne?

Kwanan baya muna zaune a ofis bayan an tashi daga aiki, sai hira ta biyo ta kan cutar nan ta korona da allurar rigakafinta. Wani abokin aikinmu ya kaɗa kai ya ce, "Ai mutanenmu sai addu'a. Jahilci ne kawai ya hana su karɓa." Duk wurin aka ce haka ne, aka wuce zuwa wani zance. Ni kuwa maganar ta tsaya mini a rai, gama na san cikin waɗanda suka ce haka ne ɗin nan akwai wanda katin allurar ya ke ajiye a akwatinsa, alhali kuwa allura ba ta taɓa damtsensa ba. Don haka na ga ya kamata mu da mu ke karanta jarida, watau malaman makaranta da akawuna da sauran ma'aikatan hukuma, mu zauna mu yi wa kanmu hisabi tun da ya ke ƙura ta lafa. Abin da ni ke so in ce shi ne, talakan da ya noƙe bai karɓi allurar nan ba yana da dalilansa, waɗansu na gaskiya, waɗansu na ƙarya, kuma mu da ya kamata mu tsefe masa su, mu raba tsaki da tsakuwa, mu ne muka fara ba shi kunya.

Bari mu tuna yadda abin ya zo, don mutum ɗan mantuwa ne. A ƙarshen shekarar 2019 aka ji ɓullar wata baƙuwar cuta mai kama huhu a birnin Wuhan na ƙasar Sin. Ran 27 ga Fabrairu 1920 da ɗari, watau 2020, aka tabbatar da ita a Ikko, a jikin wani Bature mutumin Italiya. Ran 11 ga Maris Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta zama annoba ta duniya duka. Kafin a ce me, an rufe makarantu, an tsai da kasuwanni, an hana sallar jam'i a wurare da yawa. A watan Afrilu na wannan shekara ne Kano ta ga abin da ba ta saba gani ba: dattawa, da malamai, da manyan ma'aikata suka yi ta rasuwa a jere, har masu haƙar kabari suka koka. Daga baya, a watan Yuni, Ministan Lafiya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya ce binciken da aka yi ya ƙirga mamata 979 a ƙananan hukumomi takwas na birnin, kuma rabinsu ko fiye ana jin korona ce sanadinsu. Shekara guda bayan ɓullar cutar a nan, ran 2 ga Maris 2021, jirgi ya sauka a Abuja da allura kusan miliyan 4 irin ta AstraZeneca. Ran 6 ga watan aka yi wa Shugaban Ƙasa na lokacin, marigayi Muhammadu Buhari, da mataimakinsa a gaban masu ɗaukar hoto. Hukuma ta zaci da an ga haka jama'a za su yi tururuwa. Ba su yi ba. Ma'aikatan lafiya suka riƙa wuni a ƙarƙashin bishiya da akwatin ƙanƙara, suna jiran wanda zai zo.

To, me mutane su ke cewa? Aikina na zagaya makarantu ya sa na zauna a zauruka da yawa a wannan lokaci, kuma abin da na ji bai yi kama da maganar mahaukata ba. Wani mai unguwa ya ce mini, "Malam, zazzaɓin cizon sauro ya ɗauke mini jikoki biyu a damina ɗaya. In na kai yaro asibiti sai an rubuta mini takarda in je in sayo magani da kuɗina. Yau kuma ga mota ta zo har ƙofar gidana da allura kyauta, don cutar da ban taɓa ganin ta kwantar da kowa ba a garin nan. Wannan ƙauna daga ina?" Na rasa abin da zan ce masa nan take, don lissafinsa daidai ne. Dukan waɗanda hukuma ta rubuta cewa korona ta kashe a Nijeriya mutum 3,000 ne da 'yan kai, ko da ya ke kowa ya san waɗanda ba a gwada ba sun fi haka nesa. Zazzaɓin cizon sauro kuwa, bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, yana kashe mana fiye da mutum 150,000 kowace shekara, galibinsu yara ƙanana. Mutumin da ya dubi waɗannan biyu ya yi tambaya, ba za a kira shi jahili ba.

Sa'an nan ga abin da ya faru a Kano a shekarar 1996, wanda har yau ba a manta ba. A tsakiyar annobar sanƙarau kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a kan yara. Yara kusan 200 aka sa cikin gwajin, rabi aka ba su sabon maganin, rabi aka ba su wani da aka riga aka sani, 11 daga cikinsu suka rasu, waɗansu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji a ke yi ba. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe yaran, ba maganinsa ba. Aka yi ta shari'a, har a shekarar 2009 aka sasanta da Gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Gaskiya ne Trovan ba allurar rigakafi ba ce, magani ne na wanda ya riga ya kamu. Amma wa ya tsaya ya bayyana wa talaka wannan bambanci? Da aka ce masa ɗaya daga cikin allurar korona kamfanin nan ne ya yi ta, ai ya ji duk abin da ya ke bukata ya ji. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu ya ke yi.

Ƙari a kan wannan, hukuma da kanta ta yi ta zubar da yardar da a ke ba ta. An ce wa mutane su zauna a gida, za a kawo musu tallafin abinci, da yawansu ba su ga ko mudu ba. Sai a watan Oktoba 2020, da aka fasa rumbunan ajiya a garuruwa da dama, aka ga buhunan kayan tallafin korona jibge har rufi. Mutumin da aka ɓoye masa shinkafa, ta yaya zai yarda a ce an kawo masa lafiya kyauta? Haka kuma ƙasashen masu arziki suka tare allurar a hannunsu sa'ad da a ke tsananin nemanta, suka aiko mana da ragowar da ta kusa lalacewa, har ran 22 ga Disamba 2021 aka kwashi fiye da miliyan 1 da wa'adinta ya ƙare aka murƙushe a juji a Abuja. Hukuma ta yi haka ne don ta nuna ba za ta yi wa kowa lalatacciyar allura ba, kuma ta kyauta. Amma a zaure fassarar da aka yi wa abin dabam ce: in da alheri a cikinta, da ba su bar mana ba.

Duk waɗannan na amsa su, kuma wanda ya musa su bai san ƙasar nan ba. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Sai dai fa ba a nan zancen ya tsaya ba. A kan wannan gaskiya aka zo aka gina ƙarya hawa-hawa. Aka ce allurar tana hana haihuwa. Aka ce akwai wata 'yar na'ura a ciki da Turawa za su riƙa bin sawun mutum da ita. Aka ce in ka ɗora ƙarfe ko kwabo a wurin da aka yi maka sai ya manne. Aka ce duk wanda aka yi wa ba zai wuce shekara biyu a duniya ba. Yau ga shi shekara biyun ta wuce, ta sake wucewa. An yi allurar nan fiye da sau biliyan 13 a duniya, mutanen Makka da Madina sun karɓa, mutanen Masar da Pakistan da Indunusiya sun karɓa, ana ta haihuwa ana suna. Shin cikin waɗanda suka rantse mana cewa za a mutu, akwai wanda ya dawo ya ce jama'a ku gafarce ni, na yi kuskure? Ban ji ko ɗaya ba.

Ga tambayar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Waɗannan ƙarairayi, wa ya kai su ƙauye? Manomin da bai iya karatun boko ba, ba shi ya fassara su daga Turanci ba. Tsohuwar da ke kaɗi a ɗaki ba ta da WhatsApp. Mu ne. Mu masu babbar waya, mu ne saƙo ya ke fara sauka a hannunmu da dare, da hoton wani mutum sanye da farar riga wai likita ne a wata ƙasa, ba mu san sunansa ba, ba mu san asibitinsa ba, sai mu tura wa mutum hamsin kafin gari ya waye, mu rubuta a ƙasa wai Allah ya kyauta. Da safe mu je majalisa mu karanta wa waɗanda ba su iya ba. Mutanen ƙauye kuwa sun ɗauka duk abin da malam ya karanto daga rubutu ya bincika. Yaron da ya kawo mana amsar lissafi ba tare da ya nuna hanyar da ya bi ba, jan biro mu ke sa masa. Amma mu muka karɓi maganar da ta shafi ran mutane ba mu tambayi hanya ba.

Na biyu ya fi wannan muni. Daga ran 1 ga Disamba 2021 Gwamnatin Tarayya ta ce ma'aikacinta ba zai shiga ofis ba sai ya nuna shaidar allura ko ta gwaji, waɗansu jihohi kuma suka yi irin wannan doka. Nan da nan sai kati ya zama abin nema, allura ta zama abin gudu. A wata makaranta da na je duba aiki, shugabanta ya jawo aljihun tebur ya nuna mini katunan malamansa a ɗaure da roba, cif-cif, ba wanda ya rage. Da muka fita shan iska sai wani ƙaramin malami ya raɗa mini cewa cikinsu duka mutum uku ne kaɗai suka miƙa hannu, sauran kuɗi suka bayar aka rubuto musu. Abin da shugaban nan bai lura ba shi ne, duk garin an sani. Masinjan makaranta ya sani, mai sayar da ƙosai a bakin ƙofa ta sani. Yanzu fa in ma'aikacin lafiya ya zo garin nan ya ce a fito a karɓi allura, me zai faɗa wanda zai rinjayi abin da mutane suka gani da idonsu, cewa masu ilmin garin sun gwammace su biya kuɗi da a taɓa su? Gani ya kori ji. Kuma ku dubi abin da muka koya wa yara a wannan shekara ba tare da mun rubuta a allo ba: cewa takardar hukuma abin saye ce.

Ni dai ban ga amfanin da tilas ta yi a nan ba, in ban da cika littafin rajista. Abin da ya fitar da mutane da yawa da ƙafarsu shi ne aikin Hajji. A 2020 da 2021 ba a bar kowa ya zo daga wata ƙasa ba. Da aka buɗe a 2022, Saudiyya ta ce mutum miliyan 1 za ta karɓa, kuma sai wanda bai kai shekara 65 ba, wanda aka yi wa allurar. Sai ga waɗanda jiya su ke cewa guba ce sun yi layi tun da asuba. Ban faɗi haka don ba'a ba. Na faɗa ne don mu lura cewa tun zamanin iyayenmu alhazai su ke karɓar allurar shawara da ta sanƙarau kafin su tashi, ba mu taɓa jin an ce ta hana wani alhaji haihuwa ba. Ashe ba allura mutane ke tsoro ba. In sun san dalilin abu, sun kuma amince da wanda ya nema, ba su gardama.

Da mun yi aikinmu, ga abin da ya kamata mu bayyana, kuma bai fi ƙarfin ɗan aji shida ba. Allah ya halicci jikin ɗan Adam da dakaru a cikin jini, masu yaƙi da ƙwayoyin cuta. Aibinsu ɗaya, in baƙuwar cuta ta shigo, sai sun ɗauki kwanaki kafin su gane ta su shirya mata makami, kuma cikin waɗannan kwanaki ne ta ke yin ɓarna, musamman ga tsoho, ko mai ciwon sukari, ko mai hawan jini. Allurar rigakafi tamkar a nuna wa masu gadin gari kamannin ɓarawo ne tun bai zo ba. Ana gabatar wa jiki wani ɗan sashe na ƙwayar, ko umarnin da zai ƙera wannan sashen da kansa na 'yan kwanaki, wanda ba ya iya haddasa cutar, jiki ya yi atisaye a kansa ya riƙe kamanninsa. Ciwon damtse da ɗan zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu da a ke ji bayan allurar, alamar wannan atisaye ce. Masu cewa an yi gaggawar ƙera ta kuwa, ai ba daga sama ta faɗo ba: an shekara da shekaru ana binciken dabarar, an kuma san dangin wannan ƙwaya tun annobar SARS ta 2003. Mutum biyu da suka share hanyar irin allurar Pfizer da Moderna, Katalin Kariko da Drew Weissman, tun 2005 suka buga sakamakon bincikensu, aka ba su lambar Nobel a 2023.

Amma kuma da sai mu faɗi ɗaya gefen, don a nan ne masu shela suka yi tuntuɓe. Allurar nan ba ta hana kamuwa ɗungum. Babban aikinta shi ne hana cutar ta yi tsanani har ta kai ga kwanciya asibiti ko kabari, ƙarfinta kuma yana raguwa bayan watanni, ga shi ƙwayar tana sake kama, daga Delta zuwa Omicron. Da aka bar mutane suka ɗauka wanda aka yi wa ba zai ko yi tari ba, sa'an nan suka ga ya kwanta da mura, sai suka ce to, ba mun faɗa ba? Haka nan gaskiya ne a watan Afrilu 2021 hukumomin magani na Turai suka tabbatar irin ta AstraZeneca takan jawo daskarewar jini ga waɗansu mutane ƙalilan, abin da bai kai mutum 1 cikin 10,000 ba, har ƙasashe da dama suka daina yi wa matasa ita. Wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Hasali ma shaida ce cewa akwai masu sa ido, tun da ya ke an gano lahanin da ba ya aukuwa sai jefi-jefi, aka kuma buga shi a fili. Baligi in ka gaya masa amfanin abu da haɗarinsa, ka bar shi ya auna, ya fi saurin yarda da kai bisa ga in ka ce masa babu kome, gobe ya ji akwai. A ma'aunin nan kuwa amfani ya rinjaya nesa: masana a Kwalejin Imperial ta Landan sun ƙiyasta cewa cikin shekararta ta farko kaɗai allurar ta tsirar da rayuka fiye da miliyan 14 a duniya.

Akwai kuma masu cewa ai cuta da mutuwa ƙaddara ce, rigakafi rashin tawakkali ne. Ni ba malamin fiƙihu ba ne, amma duk wanda ya zauna gaban malamai ya ji labarin Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, sa'ad da ya nufi Sham aka tare shi da labarin annoba ta ɓarke a can. Ya yi shawara da Sahabbai, ya juya da jama'arsa. Da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara ya ke yi, ya nuna cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah ta ke. Mai wannan magana ta rashin tawakkali, da damina yana shuka, da dare yana kulle ƙofarsa.

Abin da ya ke ba ni ƙarfin zuciya shi ne, ƙasar nan ta taɓa shiga irin wannan hali ta fita. Ku dubi damtsen iyayenku, za ku ga tabon lamba. Da can agana ta kan shigo gari da rani ta kwashi yara, wanda ya tsira ta bar shi da zanzana ko makanta. Dattawa suna ba da labarin yadda a zamanin En'e in an hango malamin lamba a ke ɓoye yara a rumbu ko a tura su daji. Da aka ɗaura babban yaƙi da ita daga 1967, sarakuna da hakimai da dagatai suka tsaya a kai, malaman makaranta suka jera ɗalibansu, a 1970 aka ga ta ƙarshe a Nijeriya, a 1980 aka shelanta an kawar da ita daga duniya. Yau ka tambayi ɗan makaranta mece ce agana, sai ya tsaya yana kallonka.

Na shan inna ya fi kusa da mu. A 2003 aka dakatar da ɗigon rigakafinta a Kano da waɗansu jihohi bisa zargin wai an sa masa abin hana haihuwa, zargin da aka sake ɗora wa allurar korona ba a ko canza masa riga ba. Sanadin haka cutar ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, har Yaman da Indunusiya, yaran da suka shanye a wannan tsakani kuwa suna nan tare da mu, sun girma a kan sanda da keken guragu. Ta yaya aka warware? Ba da 'yan sanda ba. An aika wakilai sun je sun duba, an sayo maganin daga Indunusiya, ƙasar Musulmi, a watan Yuli 2004 aka ci gaba, Gwamna Ibrahim Shekarau ya ɗiga wa yara da hannunsa, daga baya aka ɗiga wa 'yarsa a bainar jama'a. Sarakuna suka shiga gaba a ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi, aka kuma koyi tafiya da sabulu da maganin ƙananan cututtuka, don kada a zo wa mutum da abin da hukuma ke so kaɗai. Ba a sha da sauƙi ba, don a watan Fabrairu 2013 an harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano. Amma ran 25 ga Agusta 2020, muna tsakiyar korona, aka shelanta Afirka ta rabu da shan inna irin ta daji. Abin mamaki, darasin da muka saya da tsada haka, bayan shelar muka ajiye shi muka koma ga sanarwar rediyo da barazanar hana shiga ofis.

Wani zai ce, to, ai korona ta wuce, me ya kawo tonon tsohon zance? Gaskiya ne ran 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauke dokar ta-ɓaci a kanta, ko da ya ke ƙwayar tana nan tana yawo. Kuma Allah ya yi mana sauƙi, watakila don yawancinmu matasa ne, ba ta yi mana irin ɓarnar da ta yi wa Italiya da Amurka da Indiya ba. Amma sauƙin nan ba dabararmu ba ce. Kakanninmu sun ga marisuwa a 1918, murar da ta sauka daga jirgin ruwa a Ikko ta biyo hanyar jirgin ƙasa har Kano, ta kashe mutum wajen 500,000 a Nijeriya cikin 'yan watanni, kuma ita majiya ƙarfi ta fi ɗauka. In irinta ta dawo ta same mu a halin da korona ta bar mu, kowa yana zargin kowa, wa zai fito ya ce a miƙa hannu a saurare shi?

Ba ma sai mun jira wannan ba. Zargin da aka shuka a kan allura ɗaya ba ya tsayawa a kanta, yakan yaɗu ya kama sauran. Daga ƙarshen 2022 mashaƙo ya ɓarke, Kano ce cibiyarsa, ya taɓa Yobe da Katsina da Borno da Bauci, ya kama mutum fiye da 10,000 cikin shekara guda, galibinsu yara, ɗaruruwa suka rasu, yawancinsu kuwa ba a yi musu rigakafi cikakke ba. Wannan cuta ce da allurarta ta ke nan kyauta tun kafin a haifi yawancinmu, a na yi wa jariri a mako na 6 da na 10 da na 14. Ban ce ƙin allurar korona kaɗai ya jawo haka ba, gama akwai nisan asibiti, da rashin tsaro, da watannin kulle da aka daina kai yara awo. Amma yaran nan 'yan shekarun makaranta ne, waɗansu suna cikin rajistarmu, mun kira sunansu da safe an ce ba su da lafiya, bayan mako guda muka ja layi a kai.

Saboda haka ina roƙon hukumomin lafiya, in za su sake fita da wata allura, su fita da maganin zazzaɓi da gidan sauro a mota ɗaya, su kuma amsa tambayar mai unguwa kafin su buɗe akwati. Mu kuma namu ya fi sauƙi, ba ya bukatar kasafin kuɗi. Akawun da saƙo ya shigo wayarsa da dare, ya bar shi ya kwana, da safe ya nuna wa malamin asibitin garinsu kafin ya tura wa kowa. Malamin da ke da shakka a kan wata allura, ba laifi ba ne, ya je ya tambaya har ya gamsu, in bai gamsu ba ya faɗa a fili, ya fi ya sayi kati. Kowane shugaban makaranta kuma, a zangon karatu mai zuwa, sa'ad da iyaye suka kawo yara ɗaukar aji ɗaya, ya nemi a zo da katin rigakafin yaro. Wanda ba shi da shi kada a kore shi, kada a tozarta ubansa a gaban mutane. A rubuta sunansa, a shirya rana da malamin asibiti, a kira iyayen su zo makaranta su yi duk tambayar da ke ransu, har da ta Trovan, a ba su amsa. Ran da za a yi allurar kuwa, 'ya'yan malamai su ne za su tsaya a gaban layi.